Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Jiniyar da Ta Ƙi Yin Shiru

Zuwa ga Hajiya Jiniya,
Saman Bango, Daura da Indararo.

Bayan gaisuwa da fatan maƙogwaro yana lafiya, dalilin wannan takarda shi ne ƙorafin da ake yi a kanki a duk unguwar da aka girke ki. Ana cewa maigida zai danna lambar sirrinsa, ya kwance tsaron gidansa da hannunsa, amma ke kina can sama kina kwarara ihu kamar ba da ke ake ba. Masu gida sun ce taurin kai ne, maƙwabta sun ce rashin ta-ido ne, wasu ma sun fara raɗe-raɗin ko iskoki gare ki. Duk ban yarda ba. Wanda ya san yadda aka ƙera ki ya san umarni kike bi sau da ƙafa. Laifinki daban ne, kuma ya fi taurin kai nauyi. Murya ɗaya tak gare ki, da ita kike shelar ɓarawo, da ita kike shelar mutuwar batir, da ita kuma kike kukan murfinki ya saki.

Bari in fara wanke ki inda kika cancanci wankewa. Jama'a na zaton lambar sirri da ke take magana, alhali da babban akwatin da ke cikin gida take yi, shi ne mai hankalin. Abin da ya haɗa ki da akwatin nan waya ce mai kawo wuta kimanin bolt 12 ba dare ba rana, tana cajin ɗan batirin da ke cikinki, tana kuma zame miki shaidar cewa gida lafiya. Misalinki mai gadi ne da aka ba shi bakin igiya, maigida na riƙe da ɗaya bakin, aka ce masa duk sa'ad da ya ji igiyar ta saki, kada ya tsaya tambaya, ya kurma ihu. Da gangan aka yi haka, domin ɓarawo mai wayo waya yake fara yankewa. Ga kuma ɗan makunnin da ke maƙale a bayan murfinki da na akwatin da na kowace na'urar gano motsi, wanda aikinsa ya tona asirin mai son ɓalle murfi. Shi wannan, da maɓallin neman agaji, da na'urar jin hayaƙi, ba ruwansu da an ɗaura tsaro ko an kwance, awa 24 suke a faɗake. Halin ma gado kika yi. Kakarki, ƙararrawar lantarki da Augustus Russell Pope ya yi wa rajista a Amurka a 1853, wadda Edwin Holmes ya sayi haƙƙinta a 1857 ya mayar da ita sana'a, an tsara ta ne yadda ko an mayar da ƙofa an rufe ba za ta daina kaɗawa ba.

To amma a duba abubuwan da ke sakin igiyar nan a zahiri. Na gaba-gaba shi ne batirin babban akwati, mai bolt 12, wanda rayuwarsa ba ta cika wuce shekara 3 zuwa 5 ba, kuma zafi na gutsure ta. Masu ƙera irinsa da ma'aunin zafi 20 zuwa 25 suke lissafi, a Sakkwato da Maiduguri kuwa watan Afrilu kan haura 40. A haɗa da ɗauke wuta safe da yamma, da sauyi daga wutar gari zuwa janareta, kowane sauyi batirin ne ke ɗaukar kaya. Ranar da ya gaza aka kuma ɗauke wuta, akwati ya mace, allon madannai ya yi duhu, ke kuma ki tashi da naki batirin. Maigida na iya danna lamba har yatsa ya kumbura, babu mai saurarensa. Bayan batir sai fis da ya ƙone, sai ruwan damina da ya tsiyaya cikinki ya ci bakin waya, sai ɓera a silin, sai murfin roba da rana ta gasa ya karkace har ɗan makunnin bayansa ya ɗaga. Zanzaro ma in ya ga dama ya yi gininsa a cikinki. Akwai kuma maɓallin agaji da yaro ya latsa, irin wanda ba ya dawowa sai an murɗa ɗan makullinsa. A duk jerin nan babu ɓarawo ko ɗaya, amma kukan da kike yi musu shi ne dai kukan ɓarawo, mai ƙarfin da ya zarce desibel 100.

Na san za ki ce gara ihu ba hari da ihu bayan hari. Maganar tana da daɗin ji, sai dai lissafi bai goyi bayanta ba. Wani nazari da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta wallafa ya nuna kashi 94 zuwa 98 cikin 100 na kiran da 'yan sanda ke samu daga ƙararrawar gida da ta shago ba na gaskiya ba ne. Sakamakonsa kuwa an gani. A shekarar 2000 'yan sandan birnin Salt Lake City suka daina fita saboda kukan ƙararrawa kawai, sai wani ya je ya tabbatar. A Birtaniya, gidan da ya tara kiran ƙarya 3 cikin wata 12 kan rasa amsawar gaggawa ta 'yan sanda, kuma wata doka ta 2005 ta ba jami'in ƙaramar hukuma a Ingila ikon zuwa ya rufe miki baki idan kin yi minti 20 ba tsayawa, ko kin wuce awa guda kina yi kina hutawa. A wajenmu ba doka ake jira ba. Maƙwabci ne da 'yan sintiri ke fitowa da tocila da gora, kuma su ma mutane ne. Daren farko za su fito da gudu, na biyu su leƙo ta taga, na uku su ja bargo. Kowane kukan batir da kika yi, daga amanar da aka ajiye domin daren ɓarawo kika ci.

Hujjarki ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi mata rowar gaskiya ba. Za ki ce daga inda kike maƙale, wayar da almakashi ya yanke da wayar da wutarta ta ɗauke duk ɗaya ne, kuma da kina sauya murya ai kin sanar da ɓarawo cewa gidan ba batir. Haka ne. Amma akwatin da kike wa aiki ya san batirinsa na raunana tun da sauran lokaci, yana auna shi a kai a kai. Me yake yi da wannan sani? Ya kunna wata 'yar fitila ruwan ɗorawa, ko ya rubuta gajerun haruffan Turanci a allon da ba mai dubawa sai zai fita, ko ya yi 'yar tsuwa wadda maɓalli ɗaya ke kashewa a manta. Wato gidanku raɗa yake yi lokacin da gyaran bai wuce sayen batir ba, sai an makara ya tashi unguwa. Ba kuma gaskiya ba ne cewa danginki ba su iya sauya harshe ba, tunda na'urorin gobara da yawa suna da nasu salon na ƙara uku, hutu, ƙara uku, wanda kunne ke bambancewa ko daga barci aka farka.

Sai ta uku, cewa sakacin masu gida ne. Nan kam suna da kaso, kuma ba ƙarami ba. Wanda ya girke ki ya shekara 6 bai kira mai gyara ya leƙa ki ba, ya jefar da takardar bayani tare da kwali, bai ma san inda akwatin yake ba, bai kamata ya yi mamaki ba. Saboda haka ga abin da za mu ɗauka a wuyanmu. In kin tashi, za mu fara tabbatar da babu wuta babu baƙon dare. Za mu sake danna lambar a natse, domin a akwatuna da dama dannawar farko kashe ƙara take yi, sai an sake kafin a share abin da ya faru. Za mu karanta abin da allo ya rubuta, mu duba maɓallin agaji, mu bi murafe ɗaya bayan ɗaya mu ga wanda ya saki. In allon ya yi duhu, mun san maganar wuta ce da batir. Ba za mu cire wa akwati wuta da batir don huce haushi ba, tunda hakan sakin igiya ne da hannunmu, kuma cikinsa akwai wutar gida mai bolt 230 da ba ta wasa. Almakashi ma mun ajiye, don mun gane yanke miki waya ƙara miki hujja ne.

Abin da muke roƙo a madadin haka kaɗan ne. Ki isar wa masu ƙera ki cewa gargaɗin batir ya fito da murya da harshen da mai gida zai fahimta, tun da rana, tun kafin dare ya raba. Ke kuma ki riƙe alkawarin agogon da ke cikinki, wanda ƙa'idar Turai ta ce kada ya bar jiniyar waje ta wuce minti 15. In kin cika su ki yi shiru ki bar fitilarki tana walƙiya, mai gyara zai zo da tsani da lambarsa ta injiniya idan gari ya waye.

Wassalam.
Naki,
Mai magana da yawun maƙwabta.