Gamin gambiza na faran miliyan 3

Na san halinku. Tun kafin in kai ƙarshen layin nan wani ya riga ya taɓe baki, wai yau kuma marubucin nan ya rasa abin faɗa sai agogon Turawa. Malam, saki fuskarka. Kai ne fa rannan a majalisa ka ce duk wanda ya zuba miliyoyi a kan tsohon agogo a kai shi a duba kansa, tunda naka mai batir bai taɓa sa ka rasa jam'in Azahar ba. Ban musa ba. In dai faɗin lokaci ne, naka ya fi nasu daidai, don nasu na wani ne, kullum sai ya yi gaba ko ya yi baya da 'yan sakan-sakan. Nan kam ka ci ni.

Amma yau ba da kai nake ba. Da maƙwabcinka nake, Alhajin nan da ya ce shi ba a cutarsa. Wai da ya ɗaga agogo ya ji nauyinsa, ya kara a kunne, ya dubi tafiyar tsinken sakan, in yana tsalle jabu ne, in yana sulalawa gangariya ne, magana ta ƙare. Alhaji, ranka ya daɗe, gyara zama.

A watan Nuwamba na 2021, gidan gwanjon Phillips ya fito da wani agogo a birnin Janiba na Suwizalan: Omega Speedmaster ƙirar 1957, wato zubin farko na irin agogon da Buzz Aldrin ya taka wata da shi a hannu a 1969. Fuskarsa asalinta baƙa ce, amma ta koɗe ta koma ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa. A wurinka wannan aibi ne, sai a rage maka kuɗi. A wurin masu tara agoguna shi ne kyan. An ƙiyasta zai yi faran, wato kuɗin Suwizalan, dubu 80 zuwa dubu 120. Da aka fara tayi, wannan ya ɗaga hannu, wancan ya ƙara, ba a tashi ba sai a kan faran miliyan 3 da dubu 115 da 'yan kai, har da la'adar gidan gwanjo.

Wa ya saya? Kamfanin Omega da kansa, don ya ajiye a gidan tarihinsa. Uwa ce ta fanshi ɗanta. Sai a 2023 ta fito ta ce, jama'a, ashe yaron nan ba haka na haife shi ba.

Kada ka yi saurin cewa jabu ne irin wanda ake zubawa a faranti a bakin tasha. Omega ta ce akasarin kayan jikinsa nata ne na gaske, sai dai daga agoguna daban-daban aka tsinto su aka harhaɗa. Turawa suna laƙaba wa irin wannan sunan Frankenstein, dodon labarinsu da aka ɗinke daga sassan gawawwaki. Mu tun tuni muna da sunansa: gamin gambiza.

To Alhaji, bismilla, ɗaga ka ji nauyi. Ƙarfen na Omega ne. Kara a kunne. Injin Omega ne ke bugawa. Ka tuna motar da aka rantse maka ba a taɓa sauke injinta ba, daga baya bakanike ya nuna maka ƙofa ta wata ce, giyabos na wata? Ai ba ka ce motar roba aka sayar maka ba, amma ba ka yi barci ba ranar.

Masu tantancewa na gaske ba sa fara da kunne. Mutum zai zauna ƙarƙashin fitila, ya maƙala ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo a ido, ya cire madauri. A tsoffin Rolex, a tsakanin ƙafafun da ke riƙe madaurin ake samun lambobi: ta samfuri a wajen ƙarfe 12, ta agogon kansa a wajen ƙarfe 6. Sai ya buɗe marfin baya ya karanta lambar inji, ya ga ko shekarar inji ta yi daidai da shekarar gida. Sai ya shafa gefen ƙarfen da ɗan yatsa. In ya ji kaifin ƙira yana nan, madalla. In ya ji sumul kamar tsohon sabulu, to an sha goge shi, kuma kowace guga kuɗi take ci.

Amma a fuska yake daɗewa, don a nan dukiyar take. Zai bi haruffan ɗaya bayan ɗaya yana duba kaurinsu da tazararsu, ko an wanke fuskar an sake buga mata rubutu. Sannan ya zo kan abin da ya fi burge ni, wato farin shafen nan da ke sa lambobi da tsinkaye su yi haske cikin duhu. Har zuwa farkon shekarun 1960 da sinadarin radiyam ake haɗa shi, daga baya aka koma tiritiyam. Radiyam sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, tiritiyam kuwa shekara 12 da 'yan watanni. Saboda haka in an kara na'urar Geiger mai auna tururin nukiliya a jikin agogon 1957, dole ta yi ta ƙyat-ƙyat. In ta yi gum, an sake shafe. Sai kuma a haska shi da shuɗiyar fitilar nan irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Shafen tsinkaye da na fuska, in tare suka tsufa, tare za su amsa. In ɗaya ya yi ƙyalli ɗaya ya yi shiru, ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne.

Na ji ka, Hajiya, daga can baya: to ai shi ke nan, na'ura ba ta ƙarya. Gaskiyarki, ba ta yi. Amma ana yi mata. Me zai hana mai wayo ya sayi tsohon agogo mai araha na zamanin, ya kankare radiyam ɗinsa, ya shafa wa nasa? Na'urar za ta yi kukanta tsakani da Allah.

Sai takarda. Patek Philippe na da kundin agogunan da ya ƙera tun daga 1839. Ka biya, a ba ka takardar da ta ce agogo mai lamba kaza an yi shi shekara kaza, an sayar ranar kaza. Takardar haihuwa ke nan. Tana shaida an haifi yaro, ba ta shaida wanda ke tsaye gabanka shi ne. Rolex kuwa ko wannan ba ya ba jama'a. A batun Speedmaster, Phillips ya ce sai da ya tuntuɓi Omega aka tabbatar masa da lambar injin da shekararsa. Ita kuma Omega ta ce tsoffin ma'aikatanta uku na da hannu a ciki, har da wanda ke shugabantar gidan tarihin a lokacin, wanda ya dage lallai a saya. Da ɗan gari akan ci gari. Mai tsaron kundi in ya haɗa baki da mai kaya, wa za ka tambaya?

Abin dariya, waɗanda suka fasa ƙwan ba su da wata babbar na'ura. Akwai wani mai bin diddigin agoguna da aka fi sani da Perezcope, wanda aikinsa tara hotuna da gwada wannan da wancan. Ɗigo-ɗigo da tabon da ke kan tsohuwar fuska tamkar tsagar gado suke: ko mutum ya sake riga da hula, za a gane shi. Sai ga fuskar nan a tsoffin hotuna, sanye da wasu kayan daban. Jaridar NZZ ta Zurik ta bi sawu, magana ta fasu.

Yanzu Malam, dawo, ga naka rabon. Ka ce wauta ce? A watan Oktoba na 2017 an sayar da Rolex Daytona na ɗan fim Paul Newman a Niyok kan dala miliyan 17 da dubu 750 da ɗoriya. Irinsa ba ɗaya ba ne a duniya. Abin da aka saya shi ne silsila: matarsa Joanne Woodward ce ta ba shi, ta sa aka zana a bayansa ya riƙa tuƙi a hankali, ga hotunansa birjik yana sanye da shi, shi kuma ya ba saurayin 'yarsa a 1984, wanda ya riƙe har ranar gwanjo. Babu giɓin da za a cusa ƙarya. Na Marlon Brando ma, wanda ya sa a fim ɗin Apocalypse Now, ba shi da zoben da ke kewaye da gilashi, ga sunansa da ya karta a baya da hannunsa, duk da haka ya kusa dala miliyan 2 a 2019. Kai da ka gan shi a kasuwa, cewa za ka yi ya lalace.

Ni ma ba na fi ku ba ne. Da aka raba gado, Seiko 5 na mahaifinmu ya faɗo hannuna, na kai wa wani mai gyara na ce ya koma sabo fil. Bawan Allah ya cika aiki: ya goge shi tas, ya sa sabuwar fuska, ya jefa tsohuwar cikin gwangwanin da ke gefensa, har na ƙara masa na goro. Allah ya so ni ba Patek tsoho ya bari ba.

Alhaji, na ji kana cewa akwai wani da baba ya sayo a Makka tun zamanin jirgin farko, yana nan cikin adaka. Kawo shi ranar Juma'a bayan an sauko, amma don Allah kada yara su sa masa omo. Malam, kai ma ka zo da naka mai batir, don mu san ƙarfe nawa.