Sannu da Ƙoƙari, Eagle Square

Duk wanda ya zauna a ajin firamare ya san "square": murabba'i, gefe huɗu, babu wanda ya ɗara wani. Turawa suka ɗauki kalmar suka raɗa wa dandalin tsakiyar gari, inda kowa ke da ikon tsayawa ya faɗi ta bakinsa. Abincin da ya ƙosar ma da ita suke siffanta shi, sau uku a yini. Allah ya saka wa Abuja da alheri, ita ce ta cika wa kalmar nan alƙawuranta duka.

Ga Eagle Square nan a gefen Sakatariyar Tarayya, inda sojoji suka miƙa mulki ga farar hula a 1999. Kai, dandalin nan ya iya adalci! A kansa ne, ranar 29 ga Mayu, 2023, aka shaida wa ƙasa cewa tallafin mai ya tafi, manyan baƙi kuwa suka bi da tafi. Cikin kwana biyu litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Mai jif na Maitama da ɗan acaɓan Mararaba, kuɗi ɗaya suke biya. Ina ka taɓa ganin daidaito irin wannan?

Batun cin abinci sau uku kuwa an sauƙaƙa wa mutane lissafinsa, ya koma sifili, ɗaya, sifili. Tsaya a bakin ma'aikatu da azahar ka ga masinja ya huda ledar ruwa da haƙori, ya jiƙa garin kwaki, ya marmasa ƙuli-ƙuli a kai. Karin kumallonsa ke nan, abincin darensa ke nan. An hutar da shi wanke kwano.

Sai a watan Agustan 2024 wasu marasa godiya suka ɗauka da gaske dandalin nasu ne, wai za su je su ce suna jin yunwa. Kotu ta tausaya musu, ta ce su tsaya can filin wasa na Moshood Abiola. Waɗanda suka nace suka doshi Eagle Square ba a bar su hannu rabbana ba, an raba musu barkonon tsohuwa, kowa ya samu rabonsa.

Yaran da aka kwaso daga Kano da Kaduna a wannan zanga-zangar ta yunwa ma ba a manta da su ba. Bayan kusan wata uku a tsare, aka kawo su Babbar Kotun Tarayya ranar 1 ga Nuwamba, haƙarƙari a waje, bisa zargin cin amanar ƙasa. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowanne naira miliyan 10, yaron da bai taɓa riƙe dubu goma tasa ba. Da duniya ta yi ca, sai aka sake su, aka kai su fadar shugaban ƙasa, aka jera su gaban kyamara. Sannunku da jinƙai, ranku ya daɗe.