Yadda Kwatabak Ɗin Giants Ya Jawo Mini Tal-Kwabo

A unguwarmu a Kano, Kociya ake ce mini. Ban taɓa horar da ko ƙungiyar 'yan firamare ba, amma na yi shekara ashirin a bencin gaba na gidan kallo, kuma tun da Ferguson ya ajiye aiki a 2013 babu kocin Manchester United da ban kora da bakina ba. Wasu ma tun ba su sauko daga jirgi ba na sallame su. Saboda haka da na tafi New York a watan Oktoba na 2024 don ziyartar Yayana mai tuƙin tasi a Bronx, na tafi da tufafi kala biyar da kuma yaƙinin cewa in dai zancen ƙwallo ne, ba a haifi Ba'amurken da zai ƙara ni da komai ba.

Kwana uku da sauka, ɗan Yaya, wanda a can aka haife shi kuma Hausarsa da sanda take tafiya, ya ce mini, "Baffa, ran Lahadi akwai futbol a shagon aski. Eagles za su zo."

Na ɗan yi mamakin yadda za a shirya wa Najeriya wasa a Amurka ban ji labari ba, amma Kociya ba ya tambayar yaro. Ranar Lahadi yaron ya riga ni fita. Na buɗe akwati na zaro koriyar rigata ta Super Eagles, na goge ta har tana ɗaukar ido. Matar Yaya ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta buɗe baki, ta rufe, sannan ta ce, "A dawo lafiya." Har yau ban gama yafe mata ba.

Mai shagon askin ɗan Zangon Kumasi ne, kuma shagon nasa majalisa ce ta Hausawan Gana da Nijar da Najeriya. Na tura ƙofa, na ɗaga hannu biyu, na kwarara ihu: "Up Eagles!"

Mutum goma sha biyar, kusan kowa da shuɗiyar riga, suka juyo a tare. Injin aski ma sai da ya ɗauke numfashi. Ɗan Yaya ya ja hular rigarsa ya rufe fuska. Mai aski ya nuna ni da kum ya ce, "Masa, wa ya aiko ka?"

Ashe Eagles ɗin na birnin Philadelphia ne, launinsu kore, kuma su da New York Giants ba sa ga maciji. Ƙarin gishiri, ranar ce Saquon Barkley, gwanin gudun da ya yi wa Giants shekara shida kafin ya koma Eagles a watan Maris, ya fara dawowa filin Giants na MetLife a matsayin abokin gaba. Ya ci yadi 176 da ƙafarsa, aka lallasa Giants 28 da 3, ni kuwa ina takure a lungu kusa da kwandon gashi, kore shar kamar ganyen alayyahu.

A lungun nan yaron ya yi mini karatun gaggawa cikin raɗa. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, nan kaɗai muka yi tarayya da su. Ƙwallon kamar gwanda take, da hannu ake ɗaukarta. Kowa da hular kwano kamar ɗan acaɓan da ya ji tsoron Allah. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma. Na ce yadi goma? A Kantin Kwari yadi goma shaddar ango ce, babbar riga da 'yar ciki da wando, kuma ba a karya wa kowa haƙarƙari kafin a auna. Wasan awa ɗaya ne a agogo, amma sai a kwashe awa uku ana yi. In wani ya yi laifi, alƙali ba kati yake ɗagawa ba, ƙyalle ruwan ɗorawa yake jefawa ƙasa. Mutum ɗaya ko biyu ne ke taɓa ƙwallon da ƙafa, su shigo su buga su koma su zauna, kuma na lura su aka fi rainawa.

Sai babban mutum, kwatabak. Shi ne liman kuma shi ne direba. Wani ƙato zai sunkuya ya miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, shi kuma yana da kamar daƙiƙa uku ya ga wanda zai jefa wa kafin ƙartin da ke ɗaya ɓangaren su rufto masa. Na Giants sunansa Daniel Jones, kuma ranar sau bakwai aka kai shi ƙasa da ƙwallo a hannu. Tun ina ƙirgawa da murmushi har na koma salati.

Ana tashi wasa aka manta da rigata, domin shagon ya dare gida biyu a kan Jones. Mai aski shi ne madugun 'yan "a sallame shi". Ya ce tun 2019 aka ɗauko yaron nan daga jami'ar Duke, na shida a zaɓen sababbin 'yan wasa, aka zaunar da Eli Manning mai kofi biyu saboda shi. A Maris na 2023 aka ba shi kwantiragin dala miliyan 160 na shekara huɗu, wasan farko bayan nan Dallas ta zo har gida ta yi musu 40 da nema. Na fara juya kuɗin zuwa naira, kaina ya ɗauki zafi na bari.

Daga nan ya zaro waya ya nuna mini hujjarsa ta ƙarshe, wadda na fahimci kowane baƙo sai an nuna masa. A 2020 ne, a wasa da Eagles ɗin nan. Jones ya tsere da ƙwallo, ya yi gudun yadi 80, ba kowa a gabansa sai fili fetal, sai kawai ƙafafunsa suka yi gardama da juna ya kife shi kaɗai. Mai aski ya maimaita hoton sau uku. Ya ce, "Masa, kai da ka fito daga garin malamai, aljani ne ya sa masa ƙafa?"

Ɗaya ɓangaren kuma wani dattijo ne Badamagare, da ya fi shekara talatin a New York, yana jan carbi yana magana a hankali. Ya ce a kakar 2022 wa ya kai su zagayen 'yan fitar da gwani, ya je har Minnesota ya doke Vikings 31 da 24, nasarar da rabonsu da irinta tun kofin 2012? Ya ce koci uku aka sauya wa yaron, kowa da karatunsa. Jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Nuwamban 2023 ya dawo. An bar Barkley ya tafi. Masu kare shi kuwa kamar labule. "Ka ba mutum gona ba shinge, ka sako awaki, sannan ka zo da kaka kana tambaya ina hatsi? Mai haƙuri yakan dafa dutse."

Mai aski ya ce, "Baba, shekara shida muna dafa dutsen nan. Gas ya ƙare."

A nan ya kamata in kama bakina. Amma ina neman abin da zan wanke kunyar koriyar riga, kuma na ga dattijo ba shi da mataimaki. Na yi gyaran murya. Ni da ban cika awa huɗu da sanin akwai wannan wasa a duniya ba, na miƙe na yi huɗuba a kan haƙuri. Na ce Ferguson ya zo United a 1986, bai ɗaga kofi ba sai 1990, da an kore shi fa? Dattijo ya gyaɗa kai duk da bai damu da ko wane ne Ferguson ba. Daga ranar sunana ya tashi daga Kociya ya koma Lauyan Jones. Shiga sharo ba shanu ke nan.

Abin kunyar da ban gaya wa kowa a shagon ba shi ne, ranar 28 ga Oktoba da aka kori Erik ten Hag daga United, ni na fi kowa tura saƙon murna a WhatsApp ɗin gidan kallonmu. Da rana ina ce wa Kanawa an makara ma, da yamma ina shagon aski ina cewa gaggawa aikin shaiɗan ce.

Giants suka sake faɗuwa wasa biyu. Na ce laifin masu kare shi ne. Sai ga wasan 10 ga Nuwamba da Carolina Panthers, wanda aka kai birnin Munich na Jamus, filin da Bayern ke wasa. Kowace ƙungiya ta ci biyu ta sha kashi bakwai, wato gurgu ne zai yi tsere da gurgu. Na bugi ƙirji na ce in Jones bai ci wannan ba, ni zan ciyar da shagon nan wake da shinkafa irin na Gana, da ƙwai da kifi da shito. Dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wannan fa ya yi kama da caca." Na ce, "Baba, ba caca ba ce, sadaka ce mai sharaɗi."

Ƙarfe tara da rabi na safe aka fara saboda bambancin lokaci. Da yamma kuma akwai suna a gidan abokin Yaya, ni kuwa ina da 'yar sumar da nake tattali, don gabanta ya fara ja da baya. Jones ya jefa ƙwallo biyu suka ƙare a hannun abokan gaba, kowanne kuma sai shagon ya juyo ya dube ni kamar ni na jefa. Amma a daƙiƙun ƙarshe Giants suka farke, 17 da 17. Na ji ƙarfi ya dawo mini. Na haye kujera na ce, "Oga, a ɗan rage mini gefe, a bar saman. Ina so in karɓi gaisuwar nasara da kyan gani."

Ya yafa mini ƙyalle, ya kunna inji, aka shiga ƙarin lokaci. Taɓawar farko, Jones ya miƙa wa mai gudu ƙwallo lafiya lau, yaron ya yi taku kaɗan ƙwallon ta suɓuce masa, 'yan Panthers suka danne. Na manta da inji a kaina. Na zabura tsaye ina ihu, "Kun gani! Wannan ma Jones ne? Wannan ma Jones ne?" Shi kuma mai aski a daidai lokacin ya juya yana yi wa talabijin faɗa, hannunsa na inda yake. Na ji wani sanyi ya ratsa ni daga goshi har tsakiyar kai.

Shagon ya yi tsit karo na biyu saboda ni. Na dubi madubi. Titi ne sambal, fari tas, an share shi kamar za a zuba kwalta. Ɗan Yaya, wanda na ɗauke shi ɗa, ya ɗauki tawul ruwan ɗorawa ya jefa ƙasa. Mai aski ya leƙa kaina, ya auna da kum, ya ce, "Masa, bai kai yadi goma ba, amma ka yi ƙoƙari." Kafin dariya ta lafa Panthers sun buga ƙwallonsu ta shige, 20 da 17.

Babu gyara sai tal-kwabo. Na fito cikin sanyin Nuwamba da kai kamar sabon tulu, na je na sayo abinci. Mutum goma sha biyar na yi wa alkawari, ashirin da uku suka ci, har da wani da ya zo tambayar hanya. A wurin suna kowa ya ganni sai ya ce, "Malam, Umara aka je?"

Ranar 18 ga wata aka zaunar da Jones aka ɗora Tommy DeVito, ɗan New Jersey da 'yan kallo suka daɗe suna kira. Ranar 22 Jones ya nemi a sallame shi, aka sallame shi. Mai aski ya raba lemo. Bayan kwana biyu Tampa Bay ta zo ta yi musu 30 da 7, lemon ya koma ciki. Suka gama kakar da nasara 3, rashin nasara 14. Barkley kuwa ya ci yadi 2,005, Eagles suka ɗauki kofin Super Bowl a Fabrairun 2025. Lokacin na dawo Kano, na sa koriyar rigata na ɗauki hoto na tura musu. Ba wanda ya amsa.

A kakar 2025 Jones ya koma Indianapolis Colts, ya ci bakwai cikin wasa takwas na farko, Giants kuma suka kori kocinsu Brian Daboll a Nuwamba. Dattijo ya turo mini saƙon murya, ba magana a ciki sai dariya da ƙarar carbi. Mai aski ya ce shi bai taɓa cewa yaron bai iya ba, cewa ya yi bai iya a nan ba. Da rauni ya sake kwantar da Jones a Disamba, sai ya canza ya ce ai dama ya faɗa. Ɗan Yaya ya ce har yanzu gardamar na nan, suna kawai aka sauya.

Hukuncina a matsayin tsohon lauya shi ne, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron ya jefa ƙwallo inda bai kamata ba, gidan kuma da ma yana yoyo, an sauya ɗan haya an bar rufin. Sumata ta gaba dai ba ta sake fitowa ba, kuma a gidan kallo yanzu in aka ce a kori koci nakan shafa kaina tukuna kafin in yi magana. Kai kuma mai karatu, in ka je garin mutane aka ce Eagles za su zo, ka tambaya na wane gari. In gardama ta yi zafi kuma, ka sauko daga kujerar aski kafin ka kare kowa.