Tudu Mai Tonon Silili

A shimfiɗaɗɗiyar hanya kowa gwanin keke ne. Za ka ga mutum ya saki hannu ɗaya yana gyara hula, yana ba abokin tafiya labarin farashin taki. Amma duk wanda ya saba bin hanyoyin burjin da suka haɗa Tafoki da sauran ƙauyukan ƙasar Faskari ya san inda hira take yankewa: gindin tudu, wurin da ruwan damina ya wanke jar ƙasa ya bar tsakuwa zalla. Na sha zama a inuwar wata ɗorawa a irin wannan wuri, na kuma ga halayen mutane fiye da yadda alƙali ke gani a kotu.

Na farko shi ne mai zuciya, yawanci saurayi ne. Tun daga nesa yake kwaso gudu, riga ta cika da iska. Da ya kai rabi sai ya miƙe tsaye a kan feda, kuma nan ne ajalin tafiyar. Da zarar ya ɗaga daga sirdi nauyinsa ya koma gaba, tayar baya ta rasa abin da zai danne ta, sai ta hau juyawa wuri ɗaya tana watsa tsakuwa kamar kaza mai tono. Idan ya faɗi ba ya duba gwiwarsa, waige yake fara yi ya ga ko 'yan matan da ke dawowa daga rijiya sun gani. Sun gani.

Akwai mai tafiyar maciji, wanda ke yanka hanya daga wannan gefe zuwa wancan. Dabararsa tana da hujja, domin ya ƙara wa hanyar tsawo ya rage mata tsini. Illarsa ɗaya, ya ɗauka gadon hanyar ya ci. Ɗan acaɓa na gangarowa yana danna oda, shi kuwa yana tsakiyar lissafi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai uzuri. Numfashi ya ƙare, ƙafa na rawa, amma ba zai taɓa cewa tudu ya fi ƙarfinsa ba. Sai ya sauka ya durƙusa yana leƙen sarƙa, ya matsa taya da ɗan yatsa, ya girgiza kai. Ka ce masa, "Sannu Malam, lafiya?" Ya ce, "Wallahi mai facin nan ne bai ɗaure min ita da kyau ba." Shekara uku ina ganinsa, kullum a daidai dutse ɗaya sarƙar take samun matsala.

Shi kuwa dattijo mai tsohuwar Raleigh, irin wadda a da ake haɗawa a Kano, ya daɗe da yin sulhu da tudu. Tun a gindi yake sauka, ya naɗe ƙafar wando, ya dafa buhun masarar da ke kariya, ya tura yana jan carbi a zuci. Da buhu mai kilo 100 a baya, ko ya so hawa, gaban keken ne zai ɗaga sama kamar doki a hawan sallah. Yakan wuce mai zuciya yana karkaɗe jiki, ya ce, "Sannu yaro, gaida mutanen gida," ba ƙari.

Sai sabon tuba. Wannan babur gare shi, har ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi. Ya shiga ɗakin ajiya ya zaro Phoenix ɗin mahaifinsa daga ƙarƙashin buhunan auduga. Cinyar ta manta aikin, tumbin kuma ya zo da nasa nauyin. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ce likita ne ya ba shi shawarar motsa jiki. Ƙaninsa a wannan layi shi ne mai keken gwanjo da aka sayo a Funtuwa, giya 18 a jiki, biyu ke aiki. A tsakiyar hawa yake tuna canza giya, lokacin da sarƙa ke ɗaure tamau, sai ka ji ƙaras, feda ta koma juya iska. An ce a Turai mutane na kashe kuɗin gona guda su sayi keken hawa tsakuwa, su sa matsattsun kaya su je neman tudu don nishaɗi. Na gaya wa dattijon nan, ya dube ni ya ce, "To su zo su kai min masara."

Mai goyo kuwa shari'a ce zalla. Na baya ya lafe kamar bai san an fara hawa ba, na gaba yana nishi yana jin kunyar cewa a sauka, musamman in suruki ne.

Ta ɗaya gefen tudun kuma akwai wanda robar birkinsa ta cinye tun bara. Shi ba ya jin tsoron hawa. Za ka san shi da silifa: na dama sabo, na hagu ya huje a dunduniya, kuma tun daga sama yake ƙwala wa awaki kira su kauce.