Ƙafar da Bature Ya Ji Kunyar Ambata

A shekarar 1839 Kyaftin Frederick Marryat, tsohon hafsan sojan ruwan Ingila da ya koma marubuci, ya fitar da littafin tafiyarsa zuwa Amurka. A ciki ya ba da labarin wata budurwa da santsi ya kwasa ta ƙuje ƙwauri a wajen kallon ruwan Niagara. Shi kuwa bawan Allah, garin jajantawa, sai ya tambaye ta ko ƙafar ta ji ciwo. Nan take ta ɗaure fuska kamar ya zagi iyayenta. Laifinsa kawai ya furta "leg" a gaban mace. Mai tarbiyya "limb" yake cewa, wato gaɓa, ya bar mai sauraro ya lalubo da kansa ko hannu ake nufi ko ƙafa.

Kyaftin bai tsaya nan ba. Ya ce ya shiga wata makarantar 'yan mata ya tarar an ɗinka wa ƙafafun fiyano wanduna, har da ado a bakinsu, don kada idon ɗalibai ya faɗa kan katako tsirara. Masana tarihi da yawa na ganin ko dai tsokanarsa aka yi ya hau ya zauna, ko kuma shi ya ƙara gishiri don ya muzanta Amurkawa. Daga baya reshe ya juye da mujiya: yau in an ɗauko labarin, mutanen Ingila na zamanin Sarauniya Victoria ake jingina wa.

Ko kaza ba ta tsira ba. A teburin masu faɗa a ji ba a neman cinya ko ƙirji, sai dai "nama mai duhu" da "farin nama", kuma har gobe haka ake faɗa a Amurka. Wando, da yake maƙwabcin ƙafa ne, aka raɗa masa suna "abin da ba a ambata". Bahaushen da ke shirin tuntsirewa da dariya ya ɗan dakata tukuna, ya tuna uwar da ta shekara arba'in ba ta kama sunan ɗan farinta ba.

Da kunyar ta tashi tafiya, ko sallama ba ta yi ba. A shekarun 1940 kamfanin 20th Century Fox ya yi wa ƙafafun jaruma Betty Grable inshorar dala miliyan 1, don talla. A shekarun 1960 Mary Quant ta yayata guntun siket a Landan, aka wayi gari jikokin masu rufe fiyano sun fi fiyanon ƙarancin sutura.

Yanzu kalmar ta zama gishiri, babu miyar da ba ta shiga. In kaya ya yi tsada, Bature ya ce sai da ya biya hannu da ƙafa. In yana zolayar mutum, wai ƙafarsa yake ja. In aka buga wasa gida da waje a gasar zakarun Turai, karawar farko "ƙafar farko" ce. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne na 'yan wasan kwaikwayo: sun camfa cewa fatan alheri a fili yana jawo tsiya, saboda haka in abokinsu zai hau dandali sai su ce masa ya karya ƙafa. Wanda ya gwada wannan addu'a a tashar mota, 'yan kamasho ba za su jira bayani ba.

Da kalmar ta iso Najeriya sai aka ƙara mata tsawo. Mai "long leg" shi ne mai uwa a gindin murhu, wanda takardar ɗaukarsa aiki ke fitowa tun kafin a tallata gurbin. Wanda tasa ƙafar gajera ce shi ma an ba shi mota, sunanta Legedis Benz, kuma da ita yake zagaya ma'aikatu a tsakar rana, takardun shaidar karatunsa a hammata.