Kofi muke tsoro, ba aska ba

Mu dai a unguwar nan kowa likitan hanta ne, kuma daga maganin da mutum ya ba ka za ka gane gidan da ya taso. Idon yaro ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, kafin a ambaci asibiti Inna ta yanke hukunci: shawara ce, a jiƙo rawaya, a sayo rake, a hana shi maiƙo. Wanda ya girma a kasuwa kuwa, in ya ga ciki ya kumbura, ƙafafu sun yi suntum, sai ya rage murya: "Alhaji, wannan ba na asibiti ba ne, hannu aka sa masa."

'Yan bokonmu sun fi ba ni dariya. Sun san akwai ciwon hanta na A da B da C, suna faɗa da ƙwambo, amma da an ce wane yana da B sai a ware masa kofi da cokali, a dinga zame kafaɗa a sahun salla, wai kar gumi ya taɓa gumi. Alhali B ba ruwansa da gumi ko kwanon tuwo. Jini yake bi, da saduwa, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Masu bin gurɓataccen ruwa su ne A da E, irin E ɗin da ya ɓarke a Diffa a 2017 ya fi yi wa masu juna biyu ɓarna.

To mutumin nan da ya ƙi kofin maƙwabcinsa, shi ne zai miƙa wa mai yankan farce yatsunsa a majalisa, da almakashin da ya zagaye tasha tun safe, ana goge shi da guntun soso da ruwan kumfa a murfin roba. A yanke shi, ya tsotse jinin, ya ce ba komai. Ga ƙaho, ga cire belu, ga askin suna da askar gado. A nan da mai digiri da mai allo duk layi ɗaya muke bi.

Akwai allurar rigakafin B da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, kuma tun 2004 Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yara. Mu kuwa a gida ake haihuwa, mai jego ba ta fita, sai an sha suna an watse ake tuna katin asibiti. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da B, galibi ba su da wata alama, garau suke yawo.

Yanzu da Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, sabon babi ya buɗe. Takarda ta fito ta nuna ɗaya cikin masu shirin auren yana da B, sai gwaggonni su ce a mayar da lefe. Likita na cewa a yi wa ɗayan rigakafi, shi kuma mai cutar a bi shi da dubawa, in ya kama a ɗora shi kan maganin da ke danne ta. C ma ana warkewa da ƙwayoyi cikin kamar wata uku. Gwaggo ta ce, "Likita, kai dai yi aikinka, mu ma mun san namu." Ta fita ta tsayar da mai lasifika, ta sayi jarkar da ke maganin hanta, basir da sanyin ƙashi a lokaci guda.