Ina 'Yan Ajinku Suka Shiga?

'Yan majalisar Tudun Wada, masu shan shayi da masu jiran wani ya biya musu, yau da ku nake. Na san halinku sarai. Da an ambaci bincike sai ku taɓe baki, da an ce ƙididdiga sai wani ya tuna yana da ɗaurin aure a Rigasa. To ku gyara zama, tambaya ɗaya ce, kuma ba a biyan kuɗin fom. Ajin da kuka gama sakandare da shi, mutum nawa ne a ciki, kuma ina kowannensu yake yau?

Ga Malam can ya fara lissafi da yatsu. Akwai wanda ya shiga kwastan, wannan kowa ya sani, don motarsa ba ta shiga layi a ɓoye. Akwai wanda ya tafi Saudiyya ya ƙi dawowa. Akwai wanda ƙwaya ta ɗauke, Allah ya shirye shi. Sauran fa? "Suna nan." Suna ina? "Suna nan dai, ana ta buga-buga." Madalla da wannan rahoto. Aji guda cike maƙil, an tuna wanda ya yi kuɗi da wanda ya lalace, aka tattara sauran aka zuba su cikin buga-buga. Kuma da wannan ilimin ne kuke yanke wa ƙannenku hukunci, wani ya ce boko ta mutu, wani ya ce sana'ar hannu wahala ce.

Abin da nake tallata muku ba shi da wuyar fahimta. A zaɓi matasa suna ajin ƙarshe, a rubuta sunayensu, sannan a riƙa komawa wurin su ɗin nan dai, ba wasu sababbi ba, duk shekara ko duk bayan shekara biyu, har a yi shekara goma ko fiye. Me kake yi yanzu? Wata nawa ka yi a zaune? Wa ya samo maka aikin? Nawa ke shigowa? A Amurka sun ɗauki matasa 12,686 masu shekara 14 zuwa 22 a 1979, suka bi su duk shekara har 1994, daga nan suka koma bayan shekara biyu-biyu, har yaran suka yi furfura suka yi jikoki. Ostareliya ta fara nata a 1995, tana kama yaro yana wajen shekara 15, ba ta sakinsa sai ya kai 25. Daga cikin abin da Amurkawan suka gano, waɗanda aka haifa tsakanin 1957 da 1964 kowannensu ya riƙe ayyuka sama da 12 idan aka raba daidai, kuma kusan rabinsu kafin ya cika 25. Kai da ka bar cajin waya ka koma POS, ka bar POS ka kama Keke, ake ce maka ba ka da alƙibla, ashe ko rabin hanya ba ka kai ba.

Na ji Alhaji ya ce, ai gwamnati tana ƙirga marasa aikin yi, me kuma ake nema? Gaskiyarka Alhaji, tana ƙirgawa, har ma ta yi mana abin mamaki. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari ba su da aiki. Da ta fitar da sabon lissafi a 2023, sai ga shi ya zama kashi 4.1. Kada ka tashi neman masana'antun da aka buɗe a tsakani, ma'auni aka sauya. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba zaman banza yake. Yanzu an koma ma'aunin da ƙasashen duniya ke amfani da shi, wanda ya yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai don samun kuɗi, ma'aikaci ne. Wato ɗanka da ya tsare wa yayansa shago ranar Juma'a aka ba shi na kati, ka taya shi murna, ya samu aiki. Ban ce hukumar ta yi ƙarya ba, ita da kanta ta faɗa cewa sama da kashi 90 na masu aikin ba su da takardar ɗauka, ba fansho, ba komai. Matsalar irin wannan ƙidaya ita ce rana ɗaya take gani. Kamar ka shiga tashar Kawo da azahar ka ƙirga masu jiran mota ne: za ka samu adadi, amma ba za ka bambance wanda ya iso yanzu da wanda ya kwana uku a kan benci ba.

Kuma bambancin nan shi ne maganar gaba ɗaya. Wata shida a zaune bayan bautar ƙasa hutu ne, shekara huɗu kuwa ciwo ne mai barin tabo. A Birtaniya an bi yara kusan 17,000 da aka haifa cikin mako guda na watan Maris 1958. Masana biyu, Paul Gregg da Emma Tominey, suka duba bayanansu a 2005, suka ga cewa mazan da suka daɗe ba aiki a ƙuruciya, ko da sun kai shekara 42 albashinsu yana ƙasa da na takwarorinsu da kashi 13 zuwa 21 cikin ɗari. Shekara ashirin bayan an manta da zaman, aljihu bai manta ba. Babu yadda za a yi ka san wannan da fom ɗin rana ɗaya.

"Wannan ai harkar Turawa ce, masu lambar gida da akwatin gidan waya." Ɗan'uwa, sauke murya. A Soweto da Johannesbag an rubuta jarirai 3,273 da aka haifa a 1990, shekarar da aka saki Mandela, aka bi su har suka haifi nasu. Habasha tana cikin ƙasashe huɗu da Jami'ar Oxford ke bin yara 12,000 tun 2002. A yankin Kagera na Tanzaniya an yi tambayoyi a ƙauyuka daga 1991, aka dawo a 2004, aka bi sawun waɗanda suka tashi har garuruwan da suka koma, sai aka tarar waɗanda suka bar gida sun fi waɗanda suka zauna ci gaba nesa ba kusa ba. Da a ce masu binciken sun tsaya kan wanda suka tarar a ƙofar gida, da sun kawo labarin da ba shi ba.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Tun 2010 NBS da Bankin Duniya suke komawa wurin gidaje kusan 5,000 a faɗin Najeriya, sai dai gida suke bi, kuma hankalinsu ya fi karkata ga noma da abin da ke shiga tukunya. Sai kuma YouWiN ta zamanin Jonathan a 2011, wadda na san da yawanku kun ce rabon 'yan uwa da abokan arziki ne. Kusan mutum 24,000 suka nema, 1,200 suka samu, kuma wani kaso daga cikin waɗanda suka tsallake tantancewa ƙuri'a aka jefa musu. David McKenzie na Bankin Duniya ya bi waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ta tsallake, shekara da shekaru. Bayan shekara uku, masu sa'ar sun fi riƙe kasuwancinsu, kuma yiwuwar a tarar da ma'aikata goma ko fiye a ƙarƙashinsu ta ƙaru da sama da maki 20 cikin ɗari. Ga shirin gwamnati da majalisarku ta yanke wa hukuncin kisa, bibiya ta wanke shi. To ku da kuka san komai, 'yan N-Power na farko da aka fara ba N30,000 a 2016, nawa ne a layinku suka tsaya da ƙafarsu bayan an sallame su a 2020? Shiru? Wa ya ƙwace muku baki?

Yanzu mu zo gida, inda abin ya fi daɗi. A Tudun Wada akwai Kaduna Poly, wadda ta faro a 1956 a matsayin makarantar koyon fasaha, ta zama Poly a 1968. Taku kaɗan daga nan ga Panteka. Ka shiga da hantsi ka gani: yaro ɗan shekara 16 ya tsuguna ya danne ƙofar ƙarfe da ƙafa, oga yana walda, tartsatsi na zuba a kan silifas ɗinsa. Can gefe ana narka tarkacen alminiyom ana zuba tukwane, wani yana haɗa injin markaɗe da ƙarafan da wani ya zubar. Yaron nan da safe aiken shayi ne aikinsa, sai ya shekara kafin a yarda ya riƙe abin walda. A ƙetaren titi kuwa sa'ansa yana rungume da fayil, yana zagayen neman sa hannun rajista. Yau shekara nawa kuna musu a kan waɗannan yara biyu? Ɓangare guda ya ce mai HND zai ƙare da tallar takardu ofis-ofis, ana ce masa digiri ake nema. Ɗaya ɓangaren ya ce na Panteka zai tsufa yana yaron shago, don ranar da aka yaye shi ba jarin sayen injin, ga wutar lantarki sai an ga dama. Kowa yana da misali guda da yake kafa hujja da shi, kuma kullum misalin nan dai ne, har mun haddace sunan kakarsa.

A ɗauki 'yan Poly da 'yan Panteka na shekara guda, a haɗa da waɗanda suka tsaya a sakandare da masu koyon ɗinki a wajen Kasuwar Barci, a bi su shekara goma. Wa ya fara ciyar da kansa? Wa ya fi samu yana da 30? Nawa ne suka haɗa biyun, takarda a aljihu, guduma a hannu? Ni ina da wanda nake zargin zai ci, amma ba zan faɗa ba, don kada ku ce na karɓi na goro. Masu aikin ma ba sai an yi hayarsu daga Abuja ba. Hedikwatar NBTE, hukumar da ke kula da duk Poly na ƙasar nan tun 1977, tana Kaduna. Farfesa Idris Bugaje, wanda ya ƙulla zumunci tsakanin Poly da masu sana'ar Panteka lokacin yana shugaban makarantar, shi aka naɗa ya jagoranci hukumar a 2021. Jihar kuma tana da hukumar ƙididdiga tata.

An taɓa samun damar irin wannan a garin nan. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007. Iyayenmu da yawa daga makaranta kai tsaye suka wuce bakin injin. 'Ya'yan da suka taso bayan an kulle ƙofar, ta wace hanya suka bi? Amsarku na sani: suna nan.

Hajiya, na ga kin ɗaga hannu tun ɗazu. Kin ce duk surutun nan na maza ne, kuma kin fi kowa gaskiya. Yarinya ta gama sakandare, an ɗaura aure, ta tare a Unguwar Sanusi ko a Kano. Mai tambaya ya je, maigida ya leƙo ya ce ba ta aiki. Alhali a cikin ɗakin akwai keken ɗinki, akwai kwalaben humra da turaren wuta, tana tallarsu a WhatsApp, tana zubin adashi biyu, kuma ranar da albashi ya makara ita ke ranta masa kuɗin mai. Sai an aika mace ta shiga ciki, ta zauna a kan tabarma, ta ga littafin bashi da idonta. Binciken da ya tsaya a zaure ya zubar da rabin ajin.

Saura mai tambayar da na san tana nan tafe: me za a ba mu? Ba tallafi ba ne, Yallabai, ba kuma za a nemi lambar asusunka ba, wanda duk ya nema ka kama shi. A irin wannan aiki abin da aka saba shi ne ɗan katin waya na ɓata lokaci. Wahalar ma kai ne. Sunan da ke takardar WAEC ɗinka ba wanda ya san shi a layinku, kowa da inkiya yake kiranka. Layinka na waya uku ne, ɗaya an toshe a rikicin haɗa NIN, ɗaya kana kashe shi saboda masu bin bashi. Gidan haya kuwa duk shekara sabo. Shi ya sa ƙwararrun bibiya ba sa yarda da lambarka kaɗai, sai sun karɓi ta mutum biyu ko uku da ba sa motsi: gwaggo mai gidan gado, limamin layi, tsohon ogan da ya yaye ka. Kuma waɗanda ke ɓacewa ba haka kawai suke ɓacewa ba. Wanda ya samu ya koma Abuja ya daina ɗaga baƙuwar lamba, wanda abin ya ƙi kunya ta sa ya ɓuya. In aka rasa su duka biyun, sai rahoto ya fito lafiya lau da 'yan tsakiya.

Onarabul, kai na bari a ƙarshe don girmamawa. Na san abin da ya sa ba ka ce uffan ba. Aikin nan ba shi da ginin da za a shafa wa fenti, ba allon da za a rubuta sunanka, ba kyallen da za ka yanka da almakashi a gaban 'yan jarida. Kuɗinsa duk shekara ake nema, amfaninsa kuwa sai bayan zaɓe biyu ko uku, lokacin wani ne a kujerar. Amma kwantar da hankalinka, a fom ɗin akwai wurin da ake tambayar yaro wa ya samo masa aikinsa na farko. Tun da ka ce rabin matasan mazaɓar nan kai ka ɗora su a hanya, ai sunanka zai cika takardar.